Launin Fata da Gurbin Aiki: Tashi da Faɗuwar Matakan Cike Giɓi a Amurka, 1961 zuwa 2025

Tsakure

Wannan takarda ta bi diddigin muhawarar da Amurkawa suka shafe fiye da shekara sittin suna yi a kan ko ya halatta a duba launin fatar mutum wajen ɗaukarsa aiki, ko yi masa ƙarin girma, ko ba shi kwangilar gwamnati. An ɗora nazarin a kan umarnin shugabannin ƙasar, da hukunce-hukuncen Kotun Ƙoli, da binciken masana tattalin arziki da zamantakewa. Takardar ta gano cewa matakan da suka yi amfani, kuma suka tsaya da ƙafafunsu a gaban kotu, su ne waɗanda aka gina a kan zaluncin da aka tabbatar a wata ma'aikata takamaimai, aka yanka musu wa'adi, kuma ba su raba kowa da aikin da ke hannunsa ba. Manufar ta fara rauni ne tun lokacin da hujjarta ta tashi daga biyan bashi ta koma ga son ganin mutane iri-iri a wurin aiki. Daga ƙarshe an dubi abin da ya shafi tsarin raba-daidai na Nijeriya.

1.0 Gabatarwa



Ranar 21 ga Janairun 2025, kwana ɗaya bayan an rantsar da shi karo na biyu, Shugaba Donald Trump ya sa hannu a kan takardar da ta soke Umarnin Shugaban Ƙasa mai lamba 11246. Shugaba Lyndon Johnson ne ya kafa wannan umarni ranar 24 ga Satumbar 1965. Shugabanni daga manyan jam'iyyun ƙasar biyu sun zo sun wuce sun bar shi, har da Ronald Reagan, wanda wasu manyan jami'ansa suka matsa a 1985 a sauya shi amma bai sa hannu ba. Shi kansa Trump bai taɓa shi ba a mulkinsa na farko. Ƙa'idojin da aka fitar ƙarƙashin umarnin sun wajabta wa duk kamfanin da ke da ma'aikata 50 zuwa sama, kuma yake riƙe da kwangilar gwamnatin tarayya ta dala 50,000 ko fiye, ya ƙirga ma'aikatansa, ya duba inda baƙaƙen fata da mata da sauran tsiraru suka yi ƙaranci, ya rubuta yadda zai gyara. Irin waɗannan kamfanoni suna ɗauke da kusan kashi ɗaya cikin biyar na ma'aikatan ƙasar.

Sunan da Amurkawa ke kiran waɗannan matakai da shi yana nufin ɗaukar mataki da gangan domin gyara. A nan zan kira su matakan cike giɓi. Zan tsaya a kan aikin gwamnati da na kamfanoni, ba zan shiga batun gurbin karatu a jami'a ba sai inda ya zama dole. Tambayar da nake son mu duba ita ce: me ya sa ginin da ya kusa shekara sittin ya rushe da alƙalami guda, kuma wane sashe nasa ne ya cancanci a yi kukan rashinsa?

2.0 Inda Giɓin Ya Samo Asali

An haramta bauta a Amurka a 1865, amma shekara ɗari bayan haka baƙar fata a jihohin kudu bai fita daga ƙangin wariya ba. Gwamnatin tarayya ita ma da hannunta a ciki. A 1913 gwamnatin Woodrow Wilson ta raba ma'aikatanta baƙaƙe da farare a ofisoshi, har da wuraren cin abinci da bayan gida. Dokar fansho da tallafin tsufa ta 1935 ta tsame ma'aikatan gona da 'yan aikin gida, ayyukan da mafi yawan baƙaƙen kudu suke ci da su. Ƙungiyoyin ƙwadago na masu sana'ar hannu, irin su masu aikin lantarki da masu aikin famfo da masu haɗa ƙarafan gini, da yawansu sun rufe ƙofa, sai ɗan wanda ke ciki ko ɗan'uwansa. Wanda ya riga ka barci dole ya riga ka tashi, ballantana wanda aka ɗaure ka aka bar shi ya yi gaba.

Shugaba John Kennedy ne ya fara sa sunan waɗannan matakai a umarninsa mai lamba 10925 a watan Maris na 1961. Sai Dokar 'Yancin Jama'a ta 1964, wadda kashinta na bakwai ya haramta wa mai ɗaukar aiki nuna wa kowane mutum bambanci saboda launi, addini, jinsi ko asalin ƙasa. A cikin wannan kashi na bakwai ɗin akwai wani sakin layi da ya ce dokar ba ta tilasta wa kowa fifita wani rukuni don kawai adadinsu ya yi kaɗan a ma'aikatarsa. Duk rigimar da ta biyo baya a cikin wannan doka guda take kwance: masu goyon baya suna karanta manufarta, masu adawa suna karanta lafazinta, kuma kowanensu yana da abin kamawa.

Shekara guda bayan haka, a jawabinsa na Jami'ar Howard, Johnson ya kawo misalin mutumin da ya daɗe cikin mari, aka kwance shi aka kai shi layin tsere, aka ce ya kara da sauran, sannan a ce an yi adalci. Abin lura, wanda ya sa wa manufar haƙora ɗan jam'iyyar Rifablikan ne. A 1969 gwamnatin Richard Nixon, ta hannun Sakataren Ƙwadago George Shultz da mataimakinsa Arthur Fletcher, ta ɗora wa 'yan kwangilar gine-gine na birnin Filadelfiya adadin da za su yi ƙoƙarin cimmawa da lokacin cimma shi.

3.0 Wa Ya Auna Cancanta?

Duk inda aka tayar da wannan muhawara, kalmar farko da ake jefowa ita ce cancanta. Shari'ar Griggs da kamfanin wutar lantarki na Duke Power, wadda Kotun Ƙoli ta yanke a 1971, ta nuna cewa ma'aunin cancantar shi ma yana bukatar a auna shi.

A tashar kamfanin da ke bakin kogin Dan a jihar Karolina ta Arewa a lokacin akwai ma'aikata 95, goma sha huɗu daga ciki baƙaƙen fata. Sassan aiki biyar ne, amma shekara da shekaru sashen leburori kaɗai ake ɗaukar baƙar fata, kuma albashi mafi tsoka a wannan sashe bai kai mafi ƙanƙantar albashi a sauran sassa huɗun ba. Ranar 2 ga Yulin 1965, ranar da dokar hana wariya ta fara aiki, kamfanin ya shigo da sabon sharaɗi: bayan takardar gama sakandare, sai mutum ya ci jarrabawa biyu ta gwajin basira kafin a ɗauke shi a sassan nan masu tsoka. A bisa ƙidayar 1960, kashi 34 cikin ɗari na maza fararen fata na jihar ne suka gama sakandare, baƙaƙe kuwa kashi 12, saboda irin makarantun da aka ware musu. Ga kuma fararen fata a cikin sassan nan, waɗanda aka ɗauka tun kafin sharaɗin, ba su da takardar, suna aikinsu lafiya lau har ana yi musu ƙarin girma.

Alƙalan da suka zauna, bakinsu ɗaya, ƙarƙashin Babban Mai Shari'a Warren Burger, suka ce duk sharaɗin da ke tankaɗe wani rukuni, in ba a nuna yana da alaƙa da aikin da za a yi ba, haramtacce ne ko da babu mugun nufi. Majalisa ta sa wannan ƙa'ida cikin doka a 1991. A ganina wannan hukunci ya fi duk sauran daraja, domin bai ce a ɗauki wane a bar wane ba. Cewa ya yi a gyara sikelin.

4.0 Inda Aka Duba Launi Kai Tsaye

Gyaran sikeli ba ya isa a wurin da aka riga aka hana mutane koyon sana'ar baki ɗaya. Masana'antar goran-ruwa ta kamfanin Kaiser da ke garin Gramercy a jihar Luwiziyana ta kasance tana ɗaukar ƙwararrun masu sana'ar hannu daga waje, da sharaɗin mutum ya taɓa yin aikin a wani wuri. Baƙar fata kuwa ba shi da inda zai samo wannan gogewa, tunda ƙungiyoyin sana'ar sun daɗe da rufe masa ƙofa. Sakamakon haka, kafin 1974, cikin ƙwararru 273 na masana'antar, biyar kacal ne baƙaƙe, a yankin da kusan kashi 39 cikin ɗari na masu aiki baƙaƙen fata ne.

A 1974 kamfanin da ƙungiyar ma'aikatan ƙarafa suka ƙulla yarjejeniya: a daina ɗauko ƙwararru daga waje, a horar da ƙananan ma'aikatan cikin gida, a bi daɗewa a aiki wajen zaɓe, amma rabin guraben horon na baƙaƙe ne har sai adadinsu ya yi daidai da na yankin. A shekarar farko an zaɓi mutum 13, bakwai baƙaƙe, shida farare. Wani ma'aikacin ɗakin gwaje-gwaje, Brian Weber, ya ga an ɗauki waɗanda ya riga shiga aiki an bar shi, ya kai ƙara. Kukansa ba na banza ba ne: ya zo da lafazin doka a hannunsa, kuma kotuna biyu na ƙasa sun ba shi gaskiya. Amma a watan Yunin 1979 Kotun Ƙoli, da rinjayen alƙalai biyar a kan biyu, ta halatta shirin. Dalilan da Mai Shari'a William Brennan ya jera su ne ginshiƙin wannan takarda. Shirin na wucin gadi ne. Bai kori farar fata ko ɗaya daga aikinsa ba. Bai toshe wa fararen fata hanyar ci gaba ba, tunda rabin guraben nasu ne. Kuma an yi shi ne don a karya wariyar da kowa ya san da ita a wannan sana'a.

Akwai abin da ake yawan mantawa a wannan labari. Kafin yarjejeniyar, ƙaramin ma'aikaci farar fata irin Weber shi ma ba shi da hanyar zama ƙwararre a masana'antar, domin irin wannan horo babu shi. Fararen fata shidan nan da suka shiga a shekarar farko, ta ƙofar da aka buɗe saboda baƙaƙe suka shiga.

A aikin gwamnati misalin da ya fi fitowa fili shi ne na rundunar 'yan sandan jihar Alabama. A 1972 Alƙali Frank Johnson ya tabbatar da cewa a shekara 37 da kafa rundunar ba a taɓa ɗaukar baƙar fata ko ɗaya a matsayin ɗan sanda ba. Ya ba da umarnin duk farar fata ɗaya da aka ɗauka a ɗauki baƙar fata ɗaya da ya cika sharuɗɗa, har su kai kashi 25 cikin ɗari. Hukumar ta yi ta jan ƙafa. A ƙarshen shekarun 1970, cikin jami'ai 232 masu muƙamin kofur zuwa sama babu baƙar fata ko na rantsuwa. Sai a 1983 kotu ta ɗora irin wannan sharaɗi a kan ƙarin girma, zuwa lokacin da hukumar za ta kawo tsarin ƙarin girma mai adalci. A shekara mai bi aka ƙara wa baƙaƙe takwas da farare takwas girma zuwa kofur. Kotun Ƙoli ta amince da wannan a 1987, biyar da huɗu. Wannan kaso ne ƙarara, babu kwana-kwana, kuma ban ga wata hanya da ta rage wa kotun ba bayan shekara goma sha ɗaya na taurin kai.

5.0 Hujjar Masu Adawa

Zalunci ne a ce duk mai adawa da waɗannan matakai mai wariya ne. Wasu daga cikin masu zafin adawa baƙaƙen fata ne. Mai Shari'a Clarence Thomas ya daɗe yana cewa fifiko yana manna wa wanda aka fifita tambarin gazawa, har abokan aikinsa su riƙa kallon duk abin da ya samu da guminsa a matsayin kyauta. Masanin tattalin arziki Thomas Sowell, bayan ya duba ƙasashe irin su Indiya da Malesiya da Sri Lanka da Nijeriya, ya kafa hujjar cewa masu hali na cikin rukunin ne ke cinye moriyar, kuma abin da aka ce na ɗan lokaci ne ba ya ƙarewa.

Kotu ta ja layi a wurare uku. A 1986, a shari'ar Wygant, hukumar ilimi ta garin Jackson a jihar Mishigan ta sallami malamai fararen fata da suka daɗe a aiki don ta tsare adadin malamai baƙaƙe. Kotu ta ce a'a: rashin samun sabon gurbi nauyi ne da ke rarrabuwa a kan mutane da yawa, amma sallama a kan mutum ɗaya da iyalinsa take faɗawa. A 1989 ta soke dokar birnin Richmond da ta ware wa tsiraru kashi 30 cikin ɗari na kuɗin kwangilolin gini. Rabin mutanen birnin baƙaƙe ne, kuma abin da kamfanoninsu suka samu na manyan kwangiloli a shekara biyar bai kai kashi ɗaya cikin ɗari ba, amma majalisar birnin ba ta kawo shaidar wariya a harkar gini ta birnin kanta ba, har ta sa mutanen Eskimo na can Alaska cikin jerin masu cin moriya. Wannan sakaci ya ba Mai Shari'a Sandra Day O'Connor damar cewa lissafi aka kwafo, ba rauni aka duba ba.

Na ukun ya fi taɓa zuciya. A 2003 birnin New Haven ya yi wa 'yan kwana-kwana 118 jarrabawar ƙarin girma zuwa laftanar da kyaftin. Ɗaya daga cikinsu, Frank Ricci, yana da larurar wahalar karatu. Ya sayi littattafan, ya biya wani ya karanta masa su a kaset, abin da ya ci masa fiye da dala dubu, ya riƙa bitar awa takwas zuwa goma sha uku a rana, ya ci. Da sakamako ya fito, mutum goma na farko a jarrabawar laftanar duk farare ne, kuma babu baƙar fata cikin tara da ke kan layin kyaftin. Birnin, don tsoron kada baƙaƙe su kai shi ƙara, ya watsar da sakamakon duka. A 2009 Kotun Ƙoli, biyar da huɗu, ta ce birnin ya zalunci Ricci da abokansa.

Ina ganin kotun ta yi daidai game da Ricci, kuma Mai Shari'a Ruth Bader Ginsburg, da ta saɓa, ta yi daidai game da jarrabawar. An ba rubutu maki 60, ganawar baki maki 40, saboda haka yarjejeniyar birnin da ƙungiyar ƙwadago ta tanada, ba don an taɓa gwada cewa wannan rabo ne ke fitar da wanda zai iya jagorantar mutane cikin gidan da ke cin wuta ba. Lokacin tambayar ingancin jarrabawa shi ne kafin a raba takardu. Birnin ya bari sai da mutane suka zuba kuɗinsu da barcinsu, sannan ya tuna da tambayar. Ba a fafe gora ranar tafiya.

6.0 Yadda Hujja Ta Sauya

A 1978, a shari'ar Bakke kan gurabe 16 cikin 100 da makarantar likitanci ta Jami'ar Kalifoniya da ke Davis ta ware, Mai Shari'a Lewis Powell ya ƙi karɓar hujjar gyara zaluncin al'umma baki ɗaya. Abin da ya karɓa shi ne cewa jami'a tana amfana idan ɗalibanta sun fito daga wurare daban-daban. Masu kare manufar ba su da zaɓi, suka bi ta ƙofar da aka bari a buɗe, kuma a hankali kamfanoni suka ari wannan harshe. Aka daina zancen abin da aka yi wa baƙar fata, aka koma zancen ribar da kamfani zai samu idan fuskokin ma'aikatansa sun bambanta.

Nan ne, a fahimtata, aka yi asarar ƙasa. Bashi yana da mai bi, yana da adadi, yana da ranar gama biya. Son ganin mutane iri-iri ba shi da ko ɗaya daga cikin ukun nan. Ba za ka iya gaya wa Weber ko Ricci yaushe abin zai ƙare ba, kuma ba za ka iya gaya wa jikan bawa cewa haƙƙinsa ake ba shi ba, tunda an ce don amfanin ma'aikata aka kawo shi. Abin da aka yi don riba, ranar da ribar ta juya sai a ajiye shi. Bayan kisan baƙar fata George Floyd a watan Mayun 2020 manyan kamfanoni sun yi ta alkawura. Zuwa ƙarshen 2024 da farkon 2025, Walmart da McDonald's da Meta duk sun ba da sanarwar janye wasu daga cikin shirye-shiryensu.

Masu jefa ƙuri'a ma sun daɗe da nuna alama. Jihar Kalifoniya ta haramta fifikon launi a aikin gwamnati da kwangila da makarantunta a ƙuri'ar 1996, kuma da aka nemi a dawo da shi a 2020, kusan kashi 57 cikin ɗari suka ƙi, a jihar da jam'iyyar Dimokuraɗiyya ke da rinjaye. Ranar 29 ga Yunin 2023 Kotun Ƙoli ta haramta duba launi wajen ba da gurbin karatu a Harvard da Jami'ar Karolina ta Arewa. Hukuncin bai shafi ɗaukar aiki kai tsaye ba, kuma hukuncin Weber yana nan ba a soke shi ba, amma kowa ya ga inda iska ta dosa. Bayan sauyin hujja, rauni na biyu shi ne, majalisa ba ta taɓa mayar da Umarni na 11246 doka ba. Abin da sa hannun mutum ɗaya ya kafa, sa hannun mutum ɗaya ya isa ya share shi.

7.0 Shin Raunin Ya Warke?

Da a ce wariya ta ƙare, da babu abin tattaunawa. Bertrand da Mullainathan (2004) sun aika da takardun neman aiki kusan 5,000 ga masu tallar gurabe a Boston da Shikago. Takardun iri ɗaya ne, sunaye kawai aka sauya: wasu Emily da Greg, wasu Lakisha da Jamal. Mai sunan fararen fata yakan sami kira ɗaya a takarda goma, mai sunan baƙaƙe sai ya aika kusan goma sha biyar. Pager (2003) ta tura samari neman aiki ido da ido a Milwaukee: farar fata da ya ce ya taɓa zaman kurkuku an kira shi a kashi 17 cikin ɗari na wuraren, baƙar fata mai tsabtataccen tarihi a kashi 14.

Binciken Kline da Rose da Walters (2022) ya ƙara wani abu mai muhimmanci. Sun aika da takardu kimanin 83,000 ga manyan kamfanoni 108, suka tarar da cewa wariyar ba a warwatse take daidai wa daida ba: kashi ɗaya cikin biyar na kamfanonin ne ke da alhakin kusan rabin kiran da baƙaƙe suka rasa. Ke nan ana iya gano gidan da cutar take, a kai magani can.

Game da amfanin matakan kuwa, McCrary (2007) ya duba rundunonin 'yan sandan birane da kotu ta ɗora wa kaso, ya ga adadin baƙaƙe cikin sababbin ɗauka ya ƙaru da kimanin maki 14 cikin ɗari, kuma bai ga alamar hakan ya ƙara yawan laifuffuka ba. Miller (2017) ya gano cewa kamfanin da ya taɓa shiga ƙarƙashin Umarni na 11246 yakan ci gaba da ƙara ma'aikata baƙaƙe ko bayan ya daina kwangilar gwamnati, domin ya riga ya sauya inda yake neman ma'aikata da yadda yake tantance su. Wannan amsa ce ga masu cewa matakin wucin gadi ba ya barin komai a bayansa.

8.0 Abin da Ya Shafe Mu

Nijeriya ba ta da matsalar launi, kuma tarihinmu ba na Alabama ba ne. Amma tambayar wa zai sami gurbi ba baƙuwa ba ce a wurinmu. A shekarun 1950 gwamnatin Jihar Arewa ƙarƙashin Sardauna Ahmadu Bello ta bi manufar ba 'yan Arewa fifiko a aikin gwamnati, kuma ta haɗa fifikon da horo, musamman a Cibiyar Koyon Aikin Mulki da ke Kongo a Zariya. Ta wannan fuska ta yi kama da shirin Gramercy. Tsarin mulkin 1979 ya shigo da ƙa'idar raba-daidai, tana nan a sashe na 14(3) na tsarin mulkin 1999, kuma an kafa hukumar da ke kula da ita a 1996, wadda ƙa'idarta ta ce kowace jiha ta sami tsakanin kashi 2.5 da kashi 3 cikin ɗari na guraben ma'aikatar tarayya.

Namu ya fi na Amurka ƙarfi ta fuska ɗaya: yana cikin tsarin mulki, shugaba ba zai tashi da safe ya soke shi ba. Ta sauran fuskoki yana da irin lahanin da ya kayar da dokar Richmond. Jiha yake ƙirgawa, ba ya tambayar halin mai nema, don haka ɗan babban sakatare da ya yi karatu a Ingila da ɗan manomi da ya yi firamare a gindin bishiya duk gurbi ɗaya suke nema da takardar shaidar asali iri ɗaya, kuma mun san wanda ke samu. Takardar asalin nan kuma tana barin mutane a waje: Bahaushen da aka haifi kakansa a Jos, da Inyamurin da aka haifi ubansa a Sabon Garin Kano. Tsarin ba shi da wa'adi, ba a kuma ɗaure shi da alkawarin gyara makarantun da suka haifar da giɓin tun farko. Inda aka raba gurabe a ɓoye ba tare da talla ba, lissafin jihohi yana iya cika cif alhali babu ɗan talaka ko ɗaya a ciki.

9.0 Matsayin Wannan Takarda

Duba launi ko asali wajen ɗaukar aiki ya halatta a wurina idan an tabbatar da toshe ƙofa a wannan ma'aikata ko wannan sana'a, aka fara da gyara ma'aunin tantancewa da buɗe hanyar horo, aka faɗi ranar da za a sake dubawa, kuma ba a karɓe wa kowa abin da ya riga ya samu bisa ƙa'idar da aka gindaya masa ba. Gramercy da Alabama sun cika waɗannan sharuɗɗa. Jackson da Richmond da New Haven ba su cika ba. Soke Umarni na 11246 kuskure ne, domin ƙa'idojinsa da kansu sun haramta kaso. Abin da ya tilasta shi ne kamfani ya ƙirga, ya duba, ya faɗaɗa inda yake nema, kuma shi ne aka zubar a lokacin da bincike ke nuna cewa suna kaɗai yana hana mutum a kira shi ganawa.

Kirana ga sassan tattalin arziki da na zamantakewa a jami'o'inmu shi ne su yi irin gwajin Boston da Shikago a nan gida. A shirya takardun neman aiki iri ɗaya, a sa wa wasu Musa, wasu Chinedu, wasu Adewale, a sauya jiha da makaranta da jinsi, a aika Legas da Abuja da Kano da Fatakwal, a ƙirga wanda aka kira. Kuɗin da aikin zai ci bai fi ƙarfin sashe ɗaya ba, kuma ɗalibanmu na digiri na biyu za su iya ɗaukarsa daga wannan zango.